Daga Ƙasa Ake Fara Gyaran Tsohuwar Motar Gudu

Motar gudu, a ma'anar da masana harkar mota suke ba kalmar, ita ce ƙaramar mota mai ƙofa biyu, galibi mai kujera biyu, wadda aka ƙera marar nauyi kuma kusa da ƙasa domin jin daɗin tuƙi, saɓanin motar iyali da aka yi don ɗaukar mutane da kaya, kuma saɓanin motar tsere wadda ba ta da hurumi a titin jama'a. Sha'awar sayen irin wannan mota bayan ta tsufa, a tashe ta daga kwanciya, a ƙara mata abin da kamfani bai sa mata ba, ta shiga zukatan matasa da yawa a 'yan shekarun nan, musamman tun da bidiyon intanet ya fara nuna musu aikin shekara uku a cikin minti goma sha biyar. Sha'awa ce mai kyau, domin tana koya wa yaro aikin hannu da lissafi da juriya, tana kuma raba shi da zaman kashe wando. Sai dai duk wanda ya daɗe yana shiga garejin kanikawa ya san yadda akasarin waɗannan ayyuka suke ƙarewa, wato mota a kan duwatsu huɗu a bayan gareji, an lulluɓe ta da tamfol, injinta yana wani gari, notocinta sun watse, mai ita kuwa ya daina ɗaukar wayar bakanike saboda bashi. Kurakuran da suke kai aiki ga wannan hali ba su da yawa, kuma su ne dai ake ta maimaitawa, shi ya sa ya dace a zaunar da ɗa ko 'yar da wannan sha'awa ta kama, a faɗa musu abin da aka ga ya sami na gaba da su.

Akwai ayyuka biyu da matasa suke cakuɗawa, alhali kowanne da manufarsa. Na farko shi ne farfaɗowa, wato mayar da mota yadda take ranar da ta fito daga kamfani, da launinta da injinta da kujerunta na asali. Na biyu kuwa shi ne sauyi, wato canza wani ɓangare nata da nufin ƙara mata gudu ko riƙon hanya ko kyan gani. Wanda bai yanke shawara tun farko a kan wanda yake so ba yakan biya kuɗin aikin sau biyu, domin zai sayi kayan asali da tsada, daga baya ya cire su ya sa wasu, ko kuma ya yanke ƙarfen da wata rana zai dawo yana nema ruwa a jallo.

Motar da ta fi dacewa a kafa misali da ita ita ce Datsun 240Z, wadda kamfanin Nissan na Japan ya fitar a watan Oktoba na 1969, ana kiranta Fairlady Z a gida. Yutaka Katayama, shugaban reshen kamfanin a Amurka, shi ne ya dage a kan a ba kasuwar Amurka motar gudu wadda ma'aikaci zai iya saye, aka kuma fara sayar da ita a kan kuɗin da bai kai dala 3,600 ba, a lokacin da Jaguar E-Type da Porsche 911 suka fi ta tsada nesa ba kusa ba. Injinta, wanda ake kira L24, mai silinda shida ne a jere, girmansa lita 2.4, ƙarfinsa kimanin doki 150, nauyin motar duka kuwa kaɗan ya haura tan ɗaya. A Afirka ma ta bar tarihi, domin ita ce ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann da Hans Schuller, ta sake lashe ta a 1973 a hannun Shekhar Mehta, a kan hanyoyin ƙasa masu ƙura da laka da duwatsu. Abin da za a faɗa a kanta ya shafi ƙannenta 260Z da 280Z, kuma mafi yawansa ya shafi duk wata tsohuwar motar gudu da matashi zai iya samu, ko Mazda MX-5 ce ta 1989 ko tsohuwar BMW mai ƙofa biyu.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a taɓa sifana, wato ranar saye. Matashi yakan ga hoton mota tana ƙyalli, ya ji kukan injinta ta waya, ya tura kuɗi, ya yi cinikin biri a sama, alhali abin da yake kashe irin wannan mota ba ya fitowa a hoto. Manyan motoci da a-kori-kura suna da shasi, wato ƙashin ƙarfe mai kauri wanda ake ɗora gangar jiki a kansa, ta yadda ko jikin ya ruɓe ƙashin yana nan; ita kuwa 240Z, kamar yawancin ƙananan motoci, jikinta shi ne ƙashinta, faranti ne na ƙarfe marasa kauri aka lanƙwasa aka haɗa da walda, kowanne yana ɗauke da rabonsa na nauyi. Saboda haka tsatsa a irin wannan mota karaya ce a ƙashi. Wuraren da take fara ci sanannu ne ga masu harkar: daɓen da ke ƙarƙashin ƙafar direba da fasinja, da dogayen ƙarafa biyu da suka bi ta ƙarƙashin daɓen zuwa gefen inji, da mazaunin batir inda ruwan batir yake ɗiga shekara da shekaru, da dokin ƙofa, da leɓen ƙofar baya inda ruwan sama yake kwanciya. Mai saye da ya san abin da yake yi yakan zo da tabarma da tocila da sukudireba da ɗan maganaɗisu naɗe a ƙyalle, ya ɗaga kafet, ya kwanta ƙarƙashin motar, ya danna bakin sukudireba a kan ƙarfen, in ya ji ya lotsa kamar busasshen ganye, ko ya ga jan gari yana zubo masa a fuska, to ya sami amsarsa. Maganaɗisun kuwa yakan bi jikin motar da shi a hankali, inda ya kama akwai ƙarfe, inda ya saki an cike rami ne da fila, wato ƙullin da masu gyaran jikin mota suke shafawa su goge kafin fenti. Sabon fenti a kan tsohuwar motar da ake neman sayarwa abin tuhuma ne, sau da yawa kyan ɗan maciji ne, kuma motar da fentinta ya koɗe amma ƙarfenta lafiya lau ta fi wadda take ƙyalli a kan ruɓa daraja, ko da injin ta farkon ba ya tashi, domin ana sauke inji a gyara shi a 'yan makonni, amma ɗinke ƙashin da ya ruɓe yakan ci shekara.

Yana da amfani a san inda motar ta yi rayuwarta. A arewacin Amurka da ƙasashen Turai masu sanyi ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa yana maƙalewa a lungunan ƙarƙashin mota ya ci ƙarfe daga ciki, yayin da motar da ta zauna a busasshiyar ƙasa, kamar Arizona ko yankin Sahel, takan tsira da ƙarfenta, sai dai rana ta farfasa mata robobi da dashbod da kujeru. Ɓarnar rana ana sayen madadinta a ɗaura, don haka ita ce mai sauƙi a cikin biyun.

Bayan ƙarfe sai takardu. Kowace mota tana da lambar shasi da aka buga a jikin ƙarfenta, kuma a 240Z lambar da ta fara da HLS30 tana nufin sitiyarinta yana hagu, wadda ta fara da HS30 kuwa a dama yake. Wannan bambanci yana da nauyi ga mai zama a Najeriya, wadda ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilu 1972, kuma dokokin hanyarta ba su yarda a yi rajistar mota mai sitiyari a dama ba. Motocin da aka yi wa kasuwar Japan da Ingila masu sitiyari a dama ne, kuma juya sitiyari aiki ne da yake taɓa birki da kuloci da wayoyi da ƙarfen da ya raba inji da ɗakin direba, wanda in an yi shi da yanke-yanke da haɗe-haɗen walda ya zama tarko ga mai ita da sauran masu bin hanya. Haka nan hukumar kwastam tana da ƙa'ida a kan shekarun motar da za a shigo da ita, don haka tambayar ya kamata ta riga biyan kuɗi. Lambar da ke jikin ƙarfe dole ta yi daidai da ta takarda, in kuma aka canza inji ko launi sai a sanar da ofishin rajista, domin babu baƙin cikin da ya kai mutum ya kashe shekara biyu a kan mota sannan a tsayar da shi a shingen bincike a ce ta sata ce.

Batun kuɗi shi ne inda matasa suka fi yaudarar kansu, domin da yawansu suna shiga aikin da tunanin cewa in sun gama za su sayar su ci riba. Tarihin wannan mota ya isa darasi. Bayan Nissan ya daina sayar da ƙanwarta 300ZX a Amurka a 1996, kamfanin da kansa ya shiga sayen tsofaffin 240Z yana ba ƙwararru suna farfaɗo da su, yana sayarwa a kan fiye da dala 27,000 kowace ɗaya. An yi niyyar yin guda 200, amma shirin ya tsaya ba a kai 40 ba. In kamfanin da ya ƙera motar, mai zanenta da kayan gyaranta a hannu, bai iya kai aikin inda ya nufa ba, to matashin da yake odar kowane gasket daga ƙetare da kuɗin waje bai kamata ya ɗauki abin a matsayin kasuwanci ba. Gaskiya ne a watan Janairu na 2020 an sayar da wata 240Z ƙirar 1971 a gwanjon intanet a kan dala 310,000, kuma irin wannan labari ne yake ruɗa yara. Abin da ba sa lura da shi shi ne wannan mota ta yi tsada ne saboda ba a taɓa kwance ta ba, tafiyar da ta yi duka ba ta wuce mil 22,000 ba, komai nata na asali ne. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a ƙiyasta kuɗin aikin a rubuce, a ninka shi biyu, sannan a tambayi kai ko za a iya rasa wannan kuɗi gaba ɗaya ba tare da an taɓa kuɗin makaranta ko jarin sana'a ko haƙƙin iyaye da iyali ba. Wanda amsarsa a'a ce ya jira, ko ya nemi motar da kayanta suke samuwa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, ya koyi aikin a kanta, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Cin bashi don abin sha'awa kuwa ba shi da wata hujja.

Kuskure na gaba shi ne ɗokin kwancewa. Kwance mota yana da daɗi kuma ba ya cin kuɗi, shi ya sa matashi da abokansa sukan tarwatsa ta cikin kwana biyu, su zuba notoci da kusoshi a bokiti ɗaya, suna ganin za su tuna inda kowanne ya fito. Bayan wata takwas babu mai tunawa. Hanyar da ta tabbata ita ce a ɗauki hoton kowane abu kafin a taɓa shi, a zuba notocin kowane ɓangare a ledarsu ko a gwangwanin madara, a rubuta sunansu a jiki, a liƙa wa bakin kowace waya takarda, a kuma ajiye littafi guda da ake rubuta abin da aka cire da ranar da aka cire shi da wanda aka ba gyara. Ya fi kyau ma, in ƙashin motar yana da lafiya, a bar ta a haɗe tana tafiya, a riƙa gyara ɓangare ɗaya a gama kafin a buɗe wani, domin motar da ake kunnawa ana zagayawa da ita tana sabunta wa mai ita ƙwarin gwiwa, wadda take a kwali ashirin kuwa tana kashe zuciya. Littafin gyara da kamfani ya buga wa kanikawansa, wanda ya ƙunshi ma'aunin ɗaurin kowane noti da taswirar wayoyi, ya kamata a mallake shi kafin sifana ta farko.

Daga nan sai jerin aikin, kuma a nan ne zuciyar wannan nasiha take. Idon matashi yana kan fenti da rim da salansa mai ƙara da ƙarin ƙarfin inji, domin su ne abokai suke gani, amma aikin yana farawa ne daga inda ba mai gani. Da farko a yanke duk ƙarfen da ya ruɓe har a kai ga mai lafiya, a sa sabo mai kauri irin na asali, a yi masa walda ɗigo-ɗigo ana bari yana hucewa, domin waldar gas tana zafafa siririn faranti ya murɗe. Rufe tsatsa da fila kuwa rufe ƙofa da ɓarawo ne, za ta ci gaba da ci a ciki har ta kumburo fentin. Bayan ƙarfe sai birki. Birkin gaba na 240Z mai faifai ne, na baya kuwa mai ganga, kuma dukansu suna aiki ne da man birki, wanda yake da ɗabi'ar shan danshin iska; in ya sha ruwa yakan tafasa da wuri lokacin da birki ya yi zafi a gangara, sai direba ya taka ya ji fedar ta nutse ba abin da ya kama. Saboda haka ake canza shi kamar kowace shekara biyu, kuma a motar da ta daɗe a kwance ana canza tiyoyin roba da robobin cikin silindar birki gaba ɗaya, ko da a ido suna da kyau. Taya ma tana tsufa ko ba a hau ta ba, kuma shekarunta a rubuce suke a gefenta cikin lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2315 yake nufin mako na 23 na 2015. Wadda lambobinta uku ne kacal an yi ta tun kafin 2000, ba ta da sauran amfani a titi komai zurfin zanenta.

Bayan tsatsa, wuta ma tana hallaka tsofaffin motoci, kuma hanyoyinta biyu ne, fetur da lantarki. A injin L24 kafireto biyu, wato na'urorin da suke gauraya fetur da iska, suna zaune ne a gefe ɗaya da bututun hayaƙi, a samansa, don haka tsohon tiyon fetur da ya tsage yana ɗiga ne kai tsaye a kan ƙarfe mai zafi. Ta ɓangaren lantarki kuma, wutar manyan fitilu tana bi ta cikin makunnin da ke jikin sitiyari da akwatin fis, waɗanda in sun tsufa suke zafi har robarsu ta narke, kuma maganin da masu harkar suka sani shi ne a sa rile, wato ƙaramin makunni mai aiki da lantarki wanda yake ɗauke wa makunnin hannu nauyin wutar. Fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin motar, saboda haka mai wayarin da ya maye gurbin fis da guntun waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari ya cire mai gadi ne daga bakin ƙofa. Tukunyar kashe gobara a kusa da kujerar direba, inda hannu zai kai gare ta, tana cikin kayan da ake saye tun ranar farko.

A ƙasashe masu zafi akwai ƙarin abin lura game da sanyaya inji. Al'adar cire tamostat, wato ƙaramin bawul ɗin da yake tsare ruwa har inji ya yi ɗumin da ya dace, ta yaɗu a garejoji da sunan maganin zafi, alhali in inji yana zafi laifin yakan kasance na lagireto da ya toshe ko famfon ruwa da ya gaji ko fanka, kuma cire tamostat yana ɓoye cutar ne kawai. Kan injin L24 na alminiyom ne, gangar kuwa ta baƙin ƙarfe, kuma zuba musu ruwan rijiya zalla yana cin su daga ciki, don haka ake haɗawa da ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. Ƙurar hunturu kuma ta sa matacin iska ya zama dole, duk da cewa hotunan da ake gani daga ƙetare suna nuna kafireto da baki buɗe.

Sai an gama duk wannan ake juyowa kan inji, kuma kafin a sauke shi a auna shi. Akwai ma'aunin da ake ɗaurawa a ramin fulogi a juya injin, ya nuna ƙarfin matsin kowace silinda. In lambobin shida sun yi kusa da juna, bambancinsu bai wuce kashi goma cikin ɗari ba, kuma babu hayaƙi mai shuɗi, to sau da yawa injin ba ya bukatar a buɗe shi, gyaran kafireto da fulogi da saitin bawul ya ishe shi. A nan ne matashi yake da wata dama da bai san da ita ba. Injin L16 mai silinda huɗu, wanda yake cikin Datsun 160J da 'yan'uwanta, faɗin silindarsa da tafiyar fistinsa daidai suke da na L24, kamar dai an ɗauki inji ɗaya ne aka ƙara masa silinda biyu, kuma motocin Datsun sun yi yawa a titunan Najeriya a shekarun 1970 da 1980. Ma'ana akwai tsofaffin kanikawa da suka yi ƙuruciyarsu a kan wannan dangin inji, waɗanda suka san cewa kafin a ɗaga kansa sai an cusa ɗan katako tsakanin sarƙar da take juya kamshaf, in ba haka ba abin da yake matse sarƙar ya zame, a koma buɗe gaban injin gaba ɗaya. Sun kuma iya daidaita kafireto biyu da guntun tiyo, baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin kafireton, suna juya sukuru har shaƙar iskar biyun ta zama murya ɗaya. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma matashin da ya je wurin irin wannan dattijo da ladabi, ya biya shi haƙƙinsa, ya zauna yana miƙa masa sifana, zai koyi abin da babu shi a bidiyo.

Sauyi ba laifi ba ne, kuma wasu sauye-sauyen alheri ne zalla, kamar sa giya mai biyar daga ƙannen motar domin inji ya huta a doguwar hanya, ko na'urar kunna wuta ta zamani a madadin tsohuwar mai bukatar saiti kullum, ko birkin gaba mai ƙarfi. Inda ake garin gyaran gira a rasa ido shi ne neman ƙarfi kafin lokaci. Tun shekarun 1970 ake cusa wa 240Z injin Chevrolet mai silinda takwas a Amurka, wasu kuma suna sa kafireto uku na Weber, amma waɗanda suka yi hakan da ilimi sun ƙarfafa ƙashin motar, sun canza giya da aksul na baya, sun ƙara girman birki da lagireto, domin ƙarfen da aka lissafa wa doki 150 ba zai ɗauki 300 ba sai ya murɗe ko ya tsage, balle wanda ya shekara hamsin. Akwai kuma hisabin da ba ya canzawa don son kowa: aikin da birki yake yi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, ta yadda motar da take tafiyar kilomita 120 a awa tana bukatar kusan ninki huɗu na tazarar da za ta tsaya a ciki in tana tafiyar 60. Motar 1970 ba ta da jakar iska, ba ta da na'urar da take hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, duk kuskuren da direba ya yi jikinsa ne yake biya.

Haka batun sauke mota ƙasa. Matasa sukan yanke sifirin da injin yanka don motar ta kwanta ta yi kyau a hoto, sai shokazoba ta rasa wurin motsi, taya ta riƙa cin gefe ɗaya, tukunyar baƙin mai ta bugi tudun rage gudu na farko ta fashe. Motocin da suka lashe Safari ɗaga su aka yi, aka sa musu garkuwar ƙarfe a ƙarƙashi, aka ƙarfafa ƙafafunsu, kuma hanyoyin da mai karatu zai bi da damina sun fi kama da na Safari fiye da filin tsere. Ƙa'idar da ta fi amfani a duk wani sauyi ita ce a fifita wanda ake ɗaurawa da noti, wanda za a iya kwancewa a mayar da na asali, a kan wanda sai an yanke jikin mota, a kuma wanke duk abin da aka cire, a shafa masa mai, a ajiye shi, domin ɗanɗanon ɗan shekara ashirin da biyu yakan canza kafin ya kai arba'in, ƙarfen da aka yanke kuwa ba ya tsirowa.

Lafiyar mai aikin ma tana cikin lissafi. Jak an yi shi ne don ɗaga mota, riƙe ta kuwa aikin tsayayyun ƙafafun ƙarfe ne a kan daɓe mai ƙwari, kuma bulon siminti yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Tankin fetur da babu komai a cikinsa ya fi cikakke haɗari a gaban walda, saboda tururin da ya rage shi ne yake fashewa. Tsofaffin takalman birki da faifan kuloci suna iya ƙunsar asbesto, wato wani ma'adini mai zare-zare da ƙurarsa take lalata huhu bayan shekaru, don haka ana jiƙa ƙurar a goge, ba a hura ta da iska. Fentin zamani mai haɗi biyu yana da sinadarin da yake jawo ciwon asma mai tsanani, kuma ƙyalle a hanci ba ya tare shi.

Ranar da motar ta tashi sai wani nauyi ya hau kan mai ita. Salansa mai ƙara da tsakar dare a unguwar da akwai jinjiri da marar lafiya da mai sallar dare cutar da maƙwabci ne, kuma wasan mota a taron biki ko a kan titin da yara suke tsallakawa ya sha jefa gidaje cikin makoki, na wanda aka buge da na wanda ya buge. Mai son sanin iyakar motarsa ya nemi fili killatacce da izinin hukuma, da hular kwano da bel a ɗaure, inda in ya kuskure taya ce kawai za ta lalace. Ɗa ko 'yar da ke da irin wannan mota a ajiye yanzu, ko kuɗin sayenta a hannu, su jinkirta zuwa wurin mai fenti, su ɗauki tabarma da tocila da sukudireba su shiga ƙarƙashinta, su rubuta duk abin da suka gani a littafi, sannan su kai littafin wurin tsohon bakanike ya faɗa musu abin da za a fara da shi.